Abin da Ake Wankewa a Wankin Ƙoda

Idan aka ce a unguwar Yindiski ta Potiskum an tafi da wane Damaturu wankin ƙoda, abin da kunne yake ɗauka ba ɓoyayye ba ne: ƙodar ta yi dauɗa, za a wanke ta, a dawo da mai ita gida. Haka wanki yake a bakin Bahaushe, aiki ne mai farko da ƙarshe. Ana wanke gyambo a ɗaure. Wanda ya sha guba a yi masa wankin ciki, in da sauran kwana a gaba a sallame shi. Shi ya sa a tafiyar farko dangi suke haɗa kuɗin mota da guzuri da ƙwarin gwiwarsu, su ci kilomita kusan 100, sai kuma su ji an ce a dawo nan da kwana uku, in an dawo a sake cewa a dawo. Daga nan tambaya take fitowa, kuma tambaya ce ta mai hankali: "Likita, shin wankin farkon bai fita ba ne?"

Alhali na'urar wankin ko kusa da ƙodar ba ta zuwa. Jini ake jawowa daga jijiya ta siririn tiyo, a bi da shi ta cikin matata, a cire dattin da ya kamata a ce ya fita ta fitsari, a rage ruwan da ya taru ya kumbura ƙafa da fuska, sannan a mayar da jinin jiki. Ƙoda biyu masu lafiya suna tace ruwan jini da ya kai lita 180 a kwana ɗaya, ba su san dare ba, ba su san rana ba. Na'ura kuwa awa huɗu take yi, sau biyu ko uku a mako, kuma da an cire tiyon datti ya fara taruwa daga farko. Willem Kolff, likitan ƙasar Holan da ya harhaɗa irinta ta farko a 1943, abin da zai tsaya a madadin ƙoda ya ƙera, bai ƙera abin da zai gyara ta ba. Sannan marasa lafiya iri biyu ne suke kwanciya a gefen na'urar nan. Akwai wanda ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya, kamar mai jegon da ta zubar da jini da yawa, ko wanda amai da gudawa suka ƙarar masa da ruwan jiki. Wannan ana iya riƙe shi da na'ura na ɗan lokaci har ƙodar ta farfaɗo. Akwai kuma wanda tasa ta yi shekara da shekaru tana lalacewa a ɓoye, saboda hawan jini ko ciwon suga ko wani dalili. Wannan tasa ba ta dawowa, na'ura ce abokiyar zamansa sai in an samu dashe. Suna ɗaya muke kiran aikin da ake yi wa su biyun. To, mutum ya ga an yi wa matar maƙwabcinsa wanki ta miƙe ta ci gaba da shayarwa, don me ba zai zargi asibiti ba idan mahaifinsa ya shiga wata na shida ana abu ɗaya?

A Jihar Yobe wannan ba zancen nahawu ba ne. Ciwon ƙoda ya addabi Gashuwa da garuruwan da ke bakin kogi a arewacin jihar, har gwamnati da masu bincike suka duƙufa a kansa. Iyalin da suka gane tun ranar farko cewa doguwar tafiya ce, shirinsu daban yake: sun san ba sa ɗaya za a sayar a huta ba, sun san wa zai riƙa raka marar lafiya, sun san ba a fashin zuwa don jiki ya yi daɗi. Waɗanda suka ɗauka wanki ne irin na kullum, da kumburi ya sace sai su yi godiya su koma gida, a dawo da mutum ranga-ranga. Da tun farko an ce tace jini, ko wankin jini kamar yadda wasu ma'aikatan lafiya suke faɗa, da wannan ruɗanin bai yi ƙarfi haka ba.

Kada a ɗauka Hausa ce ba ta iya karɓar baƙuwar kalma. Potiskum gari ne na manyan motoci. Shiga kowane gareji ka ji yaron kanikawa ɗan shekara 12 yana zuba kuloci da birki da giya da fambel da lagireto, duk daga Turanci suka fito, kuma babu wadda take ruɗa shi. Dalili kuwa, ya riƙe fambel a hannunsa, ya ga ranar da ya tsinke, ya ga yadda inji ya ɗauki zafi. Kalmar ta zo tare da abinta. Haka caji da sabis da data a rumfar masu waya. Haka ma asibiti da likita da nas da tiyata da kemis, duk aro ne kuma duk sun zauna daram, domin ido yana ganinsu. Wahala tana farawa ne daga fata zuwa ciki, inda ido ba ya kaiwa. Nan ne kalma take isowa ita kaɗai, abin da take nufi ya tsaya a ɗakin gwaji, mutane kuma su cika ta da abin da suka riga suka sani.

Kasuwar shanu ta Potiskum, wadda take cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ta isa shaida cewa harsunanmu sun iya tsefe cuta idan sun samu damar kallonta. Dillali da makiyayi ba sa cewa saniya ba ta da lafiya su yi shiru. Za su ce maka boru ne, ko sammore, ko kirci, ko bakkale, ko harbin daji, ko huhu, ko hanta, kuma kowanne da alamarsa da lokacinsa da yadda yake karya farashi. Sun kai ga haka ne domin kakanninsu sun kwana da garke, sun kuma tsaya a mahauta an feɗe dabba sun ga hantar da tsutsa ta cinye da huhun da ya manne da haƙarƙari. Jikin mutum ba a feɗe shi a gaban dangi. Abin da ke cikinsa sai dai a ba mu labari, kuma da Turanci aka fara rubuta labarin.

A garin nan labarin ba zango ɗaya yake yi ba. Potiskum mahaɗa ce ta Ngizim da Karai-Karai da Bolawa da Ngamo da Fulani da Barebari, Hausa kuma ita ce harshen kasuwa da layin karɓar kati. Likita ya yi karatunsa da Turanci, da shi yake tunani, da shi yake rubutu a takarda. Nas ta juya wa ɗan rakiya da Hausa. Ɗan rakiya ya sunkuya ya faɗa wa tsohuwar da aka kawo daga ƙauye da harshen da ta sha a nono. A kowane zango wani abu yana zubewa, kuma abin da ya fi saurin zubewa shi ne sharaɗi: sau nawa, har zuwa yaushe, me zai faru in an daina. Sunan cutar yakan isa lafiya. Sharaɗin ne ba ya isa.

Garin kuma yana da tarihin ƙamus da ba kowane gari ke da shi ba. Russell Schuh, masanin harsuna daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya zauna a Potiskum a 1969 yana nazarin harshen Ngizim, ya fitar da ƙamusunsa a 1981. Daga baya shi da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri suka jagoranci masu jin harsunan yankin aka tattara ƙamusoshin Bolanci da Ngizim da Karai-Karai da Ngamo da Bade, kowace kalma da fassararta ta Turanci da ta Hausa, kuma a nan Potiskum maɗaba'ar Ajami ta buga su a 2004. Aiki ne da ya cancanci a riƙa tunawa da shi da girmamawa. Sai dai ƙamus, ko na Bargery ne na 1934 mai kauri, iyakarsa ya ajiye kalma kusa da kalma. Yana iya gaya maka cewa wannan ita ce waccan. Ba zai gaya maka cewa kalma ɗaya ta Hausa tana ɗauke da cututtuka huɗu da likita yake ganinsu a matsayin abubuwa huɗu da ba su haɗa hanya ba.

Shawara ke nan. Da ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, sai a ce shawara ce, a nemo saiwar rawaya a jiƙa. Amma ɗorawar ido alama ce kawai, kuma hanyoyin da ke kaiwa gare ta suna da yawa. Jaririn da ya yi ɗorawa a kwanakinsa na farko, sau da yawa hantarsa ce ba ta gama ƙwari ba. Wani yakan washe da kansa, wani kuwa idan abin ya hau ba a sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitilar asibiti ba, yakan taɓa ƙwaƙwalwa ya bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki har abada. Mai sikila ko mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, nasa idon yana ɗorawa ne saboda ƙwayoyin jininsa suna fashewa da yawa. Akwai zazzaɓin shawara da sauro yake yaɗawa, irin wanda ya ɓarke a 2019 a yankin Yankari ta ƙaramar hukumar Alkaleri a maƙwabciyarmu Bauchi, wanda allura ɗaya ga ɗan wata tara take kare mutum daga gare shi tsawon rai. Sai kuma ciwon hanta nau'in B, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro, domin yana iya shekara 20 a jikin mutum idonsa fari tas. Yana bin jini: daga uwa zuwa jariri, daga askar da aka yi wa wani aski da ita ba a tsabtace ba, daga rezar yankan farce, daga saduwa. Mutum ya je ba da jini ga ɗan'uwansa, a gwada a ce masa yana da shi, ya tambaya da Hausa, a ce masa shawara ce. Ya dubi idonsa a madubi ya ga babu komai, ya ce an yi kuskure. Ko kuma ya yarda, ya sha jiƙo na mako biyu ya ce ta fita. Bayan shekaru ciki ya kumbura, a ce sammu ne. Tun 2004 allurar wannan cuta take cikin rigakafin yara a Nijeriya, kuma ta farkon an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Uwar da aka ce mata allurar shawara ce, ta dubi jaririnta ta ga idonsa garau, me zai sa ta fita kafin suna?

Ba mu manta da 2023 ba. Cutar da gidajen rediyo suka kira mashaƙo ta ɓarke a Arewa tun ƙarshen 2022, Kano ta fi kowa shan wuya, Yobe na biye, kuma a Yobe Potiskum tana cikin inda abin ya fi muni, har aka keɓe wurin kwantar da yara a asibitin ƙwararru na garin. Mashaƙo tsohuwar kalma ce, iyayenmu sun san ta a matsayin ciwon maƙogwaro da shaƙewar murya da ke zuwa da sanyi ya tafi da kansa, abin da ake yi wa citta da kanumfari da zuma. Wannan kuwa wata aba ce dabam. Ƙwayar cutar tana shimfiɗa wata fata mai ruwan toka a maƙogwaron yaro har ta toshe numfashi, wuya ya kumbura, sannan ta saki dafi da ke bin jini ya kama zuciya, yaro ya yi kamar ya warke kuma ya faɗi bayan mako biyu. Likitan Faransa Pierre Bretonneau da ya raɗa mata suna a 1826, daga kalmar Girkanci mai nufin fata ya ɗauko, saboda wannan shimfiɗar. Maganin karya dafin yana aiki ne idan an zo da wuri, kuma rigakafinta yana cikin allurar da ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14. Sunan da kunne ya saba da shi yana da amfani, domin ba ya firgita mutane su ɓoye yaro. Amma yana da haɗari iri guda: yana kwantar da hankali a ranar da ya kamata hankali ya tashi. Wasu iyayen sun fara da wanzami, suna zaton hakin wuya ne ko belu, kuma ba rashin son 'ya'yansu ya kai su ba. Abin da sunan ya gaya musu suka bi.

Ƙwayar cuta ma haka. Da ita muke kiran bakteriya, da ita muke kiran bairos, alhali kafson da ke kashe ta farko ba ya yi wa ta biyu komai. Saboda haka mai mura yake tsayawa a kemis ya ce a ba shi ja da yalo guda biyu, ya sha, mura ta tafi a lokacin da dama za ta tafi, ya ce kafso ne. Alexander Fleming da ya gano fenisilin a 1928, da bakinsa ya yi gargaɗi a 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima yana koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Maleriya da taifod kuwa sun kusa zama kalma ɗaya a bakinmu, ba a kiran ɗaya sai da ɗayar, kuma gwajin Widal da ake dogara da shi, wanda aka ƙirƙiro tun 1896, yana yawan nuna taifod a jinin wanda ba shi da ita. Infekshan kuma ta zama buhun da ake zuba duk abin da ya dami mace daga cibiya zuwa ƙasa.

Wani zai ce to a sauya sunayen mana. Wani lokaci hakan yana yi. Ƙanjamau suna ne da ya sa ido neman ramamme, ya sa mai ƙiba ya ɗauka ya tsira, ya kuma sa wanda aka gwada ya ji kamar an yi masa sallar gawa. Da masu watsa labarai suka koma cewa cuta mai karya garkuwar jiki, sai sunan ya fara bayyana yadda cutar take aiki, ya bar wurin da za a ce ana iya tallafar garkuwar da magani mutum ya rayu ya yi aure ya haifi lafiyayyu. Zazzaɓin cizon sauro ma ya fi sunan Turawa gaskiya, domin nasu daga Italiyanci ya fito da ma'anar gurɓatacciyar iska, tun zamanin da ba a san sauro ne ba, namu kuwa yana faɗar mai laifi yana kuma nuna gidan sauro. Amma ga shan inna. Sunan yana cewa Inna ce, ta iskoki, ta shanye ƙafar yaro, kuma har yau ba mu sauya shi ba. Duk da haka an daina ganin sabon kamu na asalin ƙwayar a Nijeriya tun na Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita. Abin da ya yi aiki shi ne matan da suka bi gida gida da akwatin sanyi, da masu unguwanni da limamai da sarakuna, da su kansu waɗanda cutar ta shanye wa ƙafa da suka fito a kan kekunansu suna cewa ga abin da ɗigo biyu zai hana. Tsohon suna ya zauna, abin da ke cikinsa ne aka juye aka zuba sabo. Ni a ganina nan ne aikin yake, kuma aiki ne na baki da haƙuri wanda babu kwamitin fassara da zai yi shi a ofis.

Akwai kalmar da take ba ni tausayin matasanmu masu ɗan Turanci fiye da iyayensu da ba su da shi: fozitif. A makaranta an koya musu cewa abu mai kyau take nufi. A takardar gwaji kuwa nufinta kawai an samu abin da aka je nema. A gwajin ciki albishir ce ga amarya. A rukunin jini, O fozitif ba ciwo ba ne, ba kuma lafiya ba, siffa ce kamar tsawo. A gwajin hanta ko na garkuwar jiki labari ne mai nauyi. Saurayi yana iya riƙe takarda uku masu kalma ɗaya, ya yi murna inda ya kamata ya nemi likita, ya kwana bai yi barci ba inda babu komai.

A wajen gwajin aure ne wannan ruɗanin yake haɗuwa da sikila. Da yawa suna zuwa da takardar rukunin jini suna zaton ita ce ta AA da AS, alhali gwaji biyu ne dabam. Sikila kanta aro ce daga kalmar Turanci mai nufin lauje. James Herrick, likita a Chicago, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1910 bayan an ga ƙwayoyin jinin wani ɗalibi sun lanƙwashe maimakon su zama kewayayyu. Babu manomin Yindiski da bai san lauje ba, amma aron ya ɓoye masa shi. Namu sunan, amosanin jini, ya kama zafin ƙashi da ke tashi da sanyi, bai faɗi dalili ba. Da za a bar uba ya leƙa madubin ɗakin gwaji sau ɗaya ya ga lanƙwasassun ƙwayoyin nan, da ya gane da kansa abin da ya sa suke maƙalewa a ƙananan jijiyoyi, da abin da ya sa ake nacin a ba yaro ruwa da yawa a kuma rufe shi lokacin hunturu. Lafiyayyar ƙwayar jini tana kwana 120. Ta mai sikila ba ta wuce 10 zuwa 20, shi ya sa jininsa kullum a ƙasa yake. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya AS ne, kuma ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da cutar a ƙasar kowace shekara.

Sai a zaunar da saurayi da budurwa, duka AS, a ce musu ɗaya cikin huɗu. Nan ma kalmomin Hausa ne tsantsa, babu aro ko ɗaya, amma ma'anar tana zamewa. Abin da suke ji shi ne, in sun haifi huɗu ɗaya ne zai zo da ciwo, har wani ya ce to za su tsaya a uku. Wasu kuma in na fari ya zo da shi sai su ce an fitar da zakka, sauran lafiya za su zo. Lissafin ba haka yake ba, kuma faɗarsa daidai ba ta cin minti biyu: "Malam, ka ɗauka goro huɗu ne a ƙwarya a rufe, ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS. Duk cikin da matarka ta samu, hannu za a sa a ɗauko ɗaya ba a gani ba. In an ɗauka kuma mayar da shi ake yi, ciki na gaba ya tarar da huɗun nan cif." Shi ya sa ake samun gidan da 'ya'ya uku a jere duk sikila ne, a kuma samu gidan da aka haifi shida babu ko ɗaya, alhali iyayen nan da na can duka AS ne.